Kontak ko modul? Yadda ake saita wutar tsohuwar mota da yadda ake mayar da ita ta lantarki

Duk wanda ya sayi tsohuwar mota irin ta shekarun 1960 ko 1970, ba ya sati biyu sai wani ya ce masa ya cire kontak ɗin nan ya sa na lantarki ya huta. Wani kuma ya ce kar ka kuskura, ka bar ta yadda kamfani ya yi ta. Ni na yi duka biyun ba sau ɗaya ba, kuma abin da nake gaya wa kowa shi ne ka fara saita kontak ɗin da ke ciki tukuna har motar ta tashi lafiya, sannan ka yanke shawara, don yawancin motocin da ake ɗora wa kontak laifi ba shi ne ke damunsu ba, distiributa, mai raba wa fulogi wuta, ita ce ta gaji ko kwayil ɗin ba nata ba ne, kuma in ka sa modul, wato na lantarkin, a kan wannan matsalar to ka ƙara wata ne kawai.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai ɗan kaɗan ne. Kontak makunni ne kawai. In ya rufe wutar batir ta bi ta cikin kwayil ta cika shi, da kam, wato ƙarfen nan mai tudu-tudu da ke juyawa a tsakiyar distiributa, ya buɗe shi sai wutar ta yanke farat ɗaya, kwayil ya harba dubban volt, rota ta kai wa fulogin da lokacinsa ya yi. Kwandansa kuma aikinsa ya shanye tartsatsin da zai ƙona bakin kontak. Wannan tsarin Charles Kettering ne ya fito da shi a kamfanin Delco, aka fara sa shi a Cadillac a 1910, kuma da shi aka yi ta tafiya sama da shekara sittin kafin Chrysler ta mayar da motocinta na lantarki a 1973, GM ta biyo baya da nata tsarin mai suna HEI wajen 1975. Modul ɗin da ake sayarwa yau bai yin komai sai maye gurbin wannan makunnin, da maganaɗisu ko da haske maimakon ƙarfe biyu suna haɗuwa.

Kayan da za ka tanada

Fila geji (siraran ƙarafan auna tazara), sukundireba gajere mai faɗin baki (in bakinsa na da maganaɗisu ya fi), sifana 10 da 11 da 13, in motar Ingila ce ko Amurka to sifanun inci za ka nema. Sifanar fulogi. Kwan gwaji na volt 12 mai waya biyu, in babu ka haɗa da kanka da kowane ƙaramin kwan mota. Mita mai auna volt da om, in tana auna dwel ma (bayaninsa na mataki na 5) ka more. Fitilar taimin, wato ta duba lokacin da wuta ke harbawa, ko aro ne. Alli ko farin fenti, tsumma mai tsabta, ɗan guntun kwali, girisi kaɗan da man inji. Sai sabon kontak da kwandansa da rota na lambar distiributarka, ba na sunan motar kawai ba, lambar tana jikinta a buge. Littafin motar kuma shi ne alƙali, duk lambar da na faɗa a nan in ta saɓa da tasa, bi tasa.

1. Ɗau hoto, yi alama

Sa mota a firi, ja birkin hannu, kashe makulli. Kafin ka zare ko waya ɗaya ɗau hoton kan distiributa da wayoyin fulogi, ka liƙa musu lamba. Yawancin injin silinda huɗu jerinsu 1-3-4-2 ne, Beetle kuma 1-4-3-2, mai shida a jere 1-5-3-6-2-4. Ka kula wasu motocin Faransa daga bayan inji wajen kulochi suke fara ƙirga silinda ta ɗaya, mutane da yawa sun sha wahala a nan. Sannan ka ja layi da fenti daga jikin distiributa zuwa jikin inji, ko da komai ya rikice kana da inda za ka koma.

2. Duba lafiyar distiributar kanta

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi duk sauran. Ɓalle kilif biyun ka ɗaga murfin. Duba cikinsa ko akwai tsagewa ko wani baƙin layi siriri kamar an ja da fensir, in akwai wuta na bin nan ne, canza shi. Ɗan gawayin da ke tsakiyar murfin ka danna shi da yatsa, ya kamata ya shige ya dawo.

Yanzu kama rota ka murɗa ta a hankali ta ɓangaren da take juyawa, za ta ɗan tafi, kana saki ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi ko ta tafi ba ta dawo ba, to ƙarafan adbans da ke ƙasan farantin kontak, masu sa wuta ta harba da wuri in inji ya ƙara gudu, sun maƙale ko sifirin ɗinsu ya mutu, kuma motar ba za ta taɓa yin ƙarfi a sama ba ko da wane irin modul ka sa, don modul bai taɓa wannan ɓangaren sam. Cire rotar, in akwai ɗan auduga a tsakiyar shaf ɗin, wato sandar da rota ke hawa, ɗiga masa man inji ɗigo biyu, ba ƙari. Sai ka kama shaf ɗin ka girgiza shi gefe da gefe, in kana jin yana ƙwas-ƙwas har kana ganin bakin kontak na buɗewa da rufewa da girgizar hannunka, bush ɗin da shaf ke juyawa a cikinsa ya cinye. Irin wannan duk gaf ɗin da ka saita, wato tazarar bakin kontak, ƙarya ne, mota na tashi zai canza.

In akwai ɗan gwangwanin bakyum a gefe, mai aiki da zuƙar iskar inji, zare tiyon daga wajen kabireta ka zuƙa da baki, za ka ga farantin kontak ya ɗan juya, ka toshe da harshe ya tsaya a nan. In iska kawai kake sha to robar ciki ta fashe. Akwai kuma wata 'yar waya saƙaƙƙiya da ke haɗa farantin da jikin distiributa, in ta tsinke mota za ta riƙa yankewa musamman lokacin da ka taka totur, ka yi ta canza fulogi a banza.

3. Cire tsohon kontak ka karanta shi

Toshe ramukan faranti da tsumma kafin ka kwance sukuru, don in ya faɗa ciki ya shige ƙarƙashin ƙarafan adbans sai ka zare distiributar gaba ɗaya, ni ya taɓa cinye min yamma guda. Buɗe bakin kontak ɗin ka kalla. Toka-toka mai ɗan kaushi lafiya ne. In gefe ɗaya ya yi tsini ɗayan ya yi rami sosai, kwandansa ka zarga. In ya yi baƙi ko shuɗi kamar an gasa, wuta ce ta yi masa yawa, ko kwayil ɗin ba daidai ba ne ko mai ya taɓa shi.

In ba ka da sabo, kana iya goge tsinin da ƙaramin fayil mai laushi ka ci gaba da shi na wani lokaci. Kar dai ka bar ɓurɓushin sanfefa a bakin.

4. Ɗaura sabo

Sabon kontak yana zuwa da ɗan maiƙo a baki don kar ya yi tsatsa, jiƙa kwali da ɗan fetur ka ja ta tsakani har ya fito fes. Shafa girisi a jikin kam, kamar kan ashana ya isa, in ka cika shi zai fantsama bakin kontak. A tsohuwar distiributar Lucas ta motocin Ingila akwai wata 'yar roba fara mai raba wayoyi da sandar da noti ke hawa, wayar kwandansa da wayar kwayil dole su zauna a ƙarƙashin robar suna taɓa sifirin, ba a samanta suna taɓa noti ba. In ka juya wannan tsarin wuta ta tafi bodi kai tsaye, mota ba za ta ko yi tari ba, kuma da ido komai daidai yake.

Maganar kwandansa, in tsohon yana aiki ni ba na cire shi. Na taɓa sa sabo dal daga kwali, kwana tara ya mutu a kan hanya, mota ta fara harbi ta salansa sannan ta ɗauke, na mayar da tsohon da ya fi shekara talatin ta tashi bugu ɗaya. Na yanzu da yawa ba su da inganci, shi ya sa ma mutane ke gudun kontak.

5. Saita gaf

Juya inji da sifana ta notin fuli, ko ka sa giya ta huɗu ka tura motar kaɗan-kaɗan, har dugadugin kontak, ɗan tudun da ke goga kam, ya hau kan ƙololuwar kam daidai, inda baki ya fi buɗewa. Sassauta sukurun kaɗan, zura fila geji, ka matsa da sukundireba ta ɗan yankan da aka yi don haka har gejin ya riƙa shiga da ɗan ja kaɗan, ba sako-sako ba, ba kuma yana tura baki ba. Beetle 0.4 milimita ne, Lucas 25D tsakanin 0.35 da 0.40, yawancin masu silinda huɗu duk nan suke zagaye. Ɗaure sukurun ka sake aunawa, don ɗaurewa na motsa shi kusan kullum. Goge gejin kafin ka zura, mai a jikinsa ya isa ya ɓata sabon kontak.

In kana da mitar dwel ta fi geji gaskiya, musamman a kontak da ya ɗan ci. Dwel shi ne digirin da kam ke juyawa alhali kontak na rufe. Beetle 44 zuwa 50, Lucas 25D wajen 60, V8 na Chevrolet wajen 30. Gaf ya yi faɗi dwel ya ragu, gaf ya matse dwel ya ƙaru. Ka taka totur kana kallon mitar, in allurar na yawo fiye da digiri 3 to ga shaidar bush ɗin nan da na faɗa.

Ka riƙe wannan da kyau, gaf na canza taimin amma taimin bai canza gaf. Don haka kullum gaf ne farko.

6. Taimin da kwan gwaji

Cire fulogi na ɗaya, toshe ramin da babban yatsa, a juya inji har ka ji iska na turo yatsan, ci gaba a hankali har alamar fuli ta zo kan digirin da littafi ya ce. Rota ta kasance tana kallon wayar silinda ta ɗaya. Maƙala kwan gwaji tsakanin negatif na kwayil da bodi, a kwayil ɗin Bosch shi ne mai lamba 1, a tsohon Lucas an rubuta CB. Buɗe makulli ba tare da ka tayar ba, sassauta abin da ya riƙe distiributa, juya jikinta ta inda rota ke bi har kwan ya mutu, sannan ka dawo da ita a hankali a hankali, daidai inda kwan ya kama nan ne, ɗaure. Kar ka bar makulli a buɗe ka tafi wani abu, in kontak na rufe kwayil zai yi zafi har ya lalace.

Digirin kuma na distiributa ne ba na sunan mota ba. A Beetle kaɗai akwai mai son 7.5 kafin fistin ya kai sama, akwai mai tiyon bakyum biyu da ke son 5 bayan ya wuce, ka ga in wani ya canza distiributar shekarun baya kai ba ka sani ba, littafin ma zai ɓatar da kai sai ka bi lambar.

7. Tabbatar da fitila, sannan ka hau titi

Shafa alli a alamar fuli, tayar da mota ta yi zafi, haska. Cire tiyon bakyum ka toshe in littafi ya ce haka. Ka ƙara totur ka ga alamar na tafiya gaba sumul tana dawowa, ba tsalle. Hankali da fanka da fambel, da hannun riga. A titi sa babbar giya a ƙaramin gudu ka taka, in ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani wuta ta yi gaba da yawa, mayar da ita baya digiri biyu ka sake gwadawa.

8. To yanzu a bari ko a canza?

Yi sati biyu kana hawa a haka. Da yawa daga nan suke fasa canzawa.

Aibin kontak ɗaya ne, dugaduginsa na cinyewa a jikin kam, gaf ya riƙa matsewa taimin na ja baya a hankali, don haka duk kilomita 10,000 ko kusa da haka sai ka buɗe ka sake wannan aikin. Amfaninsa kuma ba ya mutuwa ba sallama, zai yi ta ba ka alama, kuma a bakin hanya da sukundireba da guntun kwali za ka lallaɓa shi ka isa gida, ko batir ya yi sanyi a tura ta tashi. Modul kuwa ka saita sau ɗaya ka manta, tashin safe ya fi sauƙi, silo ya fi zama, kuma yana haƙuri da ɗan girgizar shaf fiye da kontak. Amma ranar da ya mutu ya mutu kenan, ba abin da za ka gyara a ciki. Kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa zai ƙara wa mota doki, in ka ji bambanci mai yawa to da can kontak ɗinka ne ba a saite ba.

Ni dai motar da ake hawa kullum, ko wadda distiributarta ke lungu da sai ka kwanta a kan inji kafin ka gan ta, modul nake sa mata. Wadda ake fitowa da ita jefi-jefi, ko wadda darajarta a ce komai nata na asali ne, ina barin kontak, don irin wannan sai ta shekara uku ba ta cinye saiti ɗaya ba. Akwai hanyar tsakiya ma, ɗan akwatin taransisto da ke barin kontak a wurinsa ya zama ɗan aike kawai, wuta kaɗan ke bi ta bakinsa don haka bai ƙonewa, amma dugadugin na nan yana ci. A can sama kuma akwai cikakkiyar distiributa ta zamani irin 123ignition ta Holan wadda adbans ɗinta ma na lantarki ne, ita ce maganin wanda tasa ta gaji gaba ɗaya. Masu shiga cikin tsohuwar kuwa, Pertronix Ignitor na aiki da maganaɗisu, Lumenition na Ingila na aiki da haske. Mai maganaɗisun duk yana ɓuya a ƙarƙashin murfi, ba mai ganewa sai ya ga waya biyu sun fito maimakon ɗaya.

9. Kafin ka sayi modul, auna abu uku

Na farko, wane kan batir ne ke haɗe da bodi. Motocin Ingila da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960 fozitif ne a bodi, kuma modul ɗinsu daban ne. Na biyu volt 6 ce ko 12, tsofaffin Beetle na kafin 1967 yawanci 6 ne. Na uku kwayil, zare wayoyinsa ka auna om tsakanin ƙananan kawuna biyun. Wajen om 3 na nufin kwayil mai cin 12 kai tsaye. Wajen 1.5 na nufin akwai balas a layin, wato wani farin dutse mai waya ko kuma wayar kanta ce a ɓoye cikin damin wayoyi, mai rage wutar zuwa wajen volt 9 in mota na aiki. Ignitor na farko yana son aƙalla om 3 a silinda huɗu da shida, 1.5 a takwas, in an haɗa na kwayil da na balas. Ka haɗa shi da kwayil mai ƙarancin om irin na motocin zamani, zai soye.

10. Ɗaurawa

Cire kan batir da ke haɗe da bodi. Juya inji rota ta kalli ta ɗaya tun kafin ka kwance. Fitar da kontak da kwandansa da wayarsu, goge farantin tas don ta nan modul ke samun bodi kuma ta nan yake sauke zafi, in an haɗo da farin man shafawa a kwalin shafa shi a ƙasansa. Ɗaura modul, zura zoben maganaɗisu a kan kam ka danna har ya zauna ƙasa sosai, in bai zauna ba rota za ta ɗago ta ci murfi. In irin mai saita tazara ne, yawanci wajen 0.75 milimita ne kuma suna haɗowa da gejin roba. Fitar da wayoyin ta ramin, ka bar musu ɗan sako a ciki don faranti na juyawa da bakyum, amma kar su taɓa zoben, na ga wadda zobe ya goge har ta yanke cikin wata ɗaya.

11. Wayoyi, a nan ake ƙona shi

A mota mai negatif a bodi, ja zuwa fozitif na kwayil, mai lamba 15 a Bosch, baƙa zuwa negatif. Ka juya su ko na daƙiƙa ɗaya ne, shi kenan ka yi asara, don haka duba sau biyu kafin ka mayar da batir. In motar na da balas, jar wayar ta ɗauko wuta daga gaban balas inda 12 ke cike, in ba haka ba za ta riƙa yankewa in ta yi zafi ka rasa dalili. Modul ɗina na farko ni na kashe shi da hannuna, na buɗe makulli ina gyaran fitilar baya kusan rabin awa inji a kashe, da na zo tayarwa shiru. Sababbin samfuri da yawa suna kashe kansu in inji bai juyawa, na farko-farkon ba sa yi. Wasu modul ɗin kuma ba sa shiri da wayar fulogi mai zallar tagulla a ciki, karanta takardar da ke kwalin. In za a yi walda a jikin motar ma cire batir da wayoyin modul.

12. Sake taimin

Dole ne, don inda modul ke harbawa ba daidai yake da inda kontak ke buɗewa ba, wani lokaci bambancin ya kai digiri 10. Dabarar kwan gwaji ba ta aiki a kan kowane modul, don haka tayar da ita, in ta ƙi a riƙa juya distiributar kaɗan ana buga sitata har ta kama, sannan ka saita da fitila a kan digirin da ka yi amfani da shi da kontak. Gaf ɗin fulogi kana iya buɗe shi daga 0.6 ko 0.7 zuwa 0.8, kar ka zarce, tsohon murfi da rota ba za su ɗauka ba. In agogon rpm ya fara hauka bayan canjin, irin tsohon Smiths mai lambar RVI ne, ba modul ɗin ne ya lalace ba, agogon ne ke buƙatar a canza kayan cikinsa.

13. Kayan da ka cire

Kontak ɗin, kwandansa, 'yar wayarsu, sukurorin da robar nan fara, zuba su a ƙaramin gwangwani tare da fila geji da gajeren sukundireba da hoton da ka ɗauka a mataki na 1 in ka buga shi a takarda, ka ajiye a cikin motar ba a gida ba. Kuma tun kana gida ka gwada mayar da su sau ɗaya ka cire, don ka san sukurun da modul ya zo da su ba lallai su kama kontak ba, wani lokaci tsawonsu daban ne. In kana da tsohuwar distiributa ta biyu ma ya fi, ka saita mata gaf ka yi mata alamar fenti daidai da ta jikin inji, ka naɗe a tsumma ka sa a but.